Ɓari a farkon ciki: abin da 'ɗan tayin' ɗakin gwaji zai iya bayyanawa

A ƙauyukan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, idan mace ta yi ɓatan wata sannan jini ya ɓalle mata, bayani ba ya wuya: wani ya ce wahalar daka da aikin gona ce, wata ta ce iska, dangin miji kuma su fara kallon matar. Ko an kai ta asibiti, sau da yawa likita zai wanke ciki ne kawai, ba zai iya faɗin dalili ba.

Makonnin farko na ciki su ne suka fi shige wa masana duhu. Na'urar hoton ciki ba ta ganin abin kirki a lokacin, kuma ƙasashe irin su Birtaniya sun haramta rainon ɗan tayi a ɗakin gwaji fiye da kwana 14.

A 2023 ayarin Farfesa Jacob Hanna na Cibiyar Weizmann a Isra'ila ya bi ta wata hanya. Ba maniyyi, ba ƙwan mace. Sun ɗauki ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda ke iya rikiɗa su zama kowane sashe na jiki, suka cakuɗa su, sai ƙwayoyin suka jera kansu tamkar ɗan tayi mai kwana 14. Har sinadarin da ke sa gwajin ciki ya nuna "akwai" suka fitar. Amma kusan ɗaya cikin ɗari ne kacal ya haɗu daidai, kuma ƙa'idar masana ta hana dasa shi a mahaifa.

Fatan shi ne a ga inda halitta ke karkacewa, a kuma gwada illar magunguna ba tare da taɓa mai ciki ba. A yankin masara da auduga, inda maganin feshi ke kwana ɗaki ɗaya da mutane, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce.

A Najeriya, Dokar Lafiya ta 2014 ta hana sarrafa ƙwayoyin gadon ɗan tayi. Malamai ma na da abin cewa, tunda fiƙihu ya daɗe yana magana kan matakan ciki kafin busa rai a kwana 120.

Abu guda dai an riga an tabbatar: kusan rabin ɓarin farkon ciki daga tangarɗar ƙwayoyin gadon ɗan tayin yake, ba daga turmi ko ɗaukar ruwa ba.