Tsargiya da Sankarar Mafitsara a Fadamar Baturiya: Buƙatar Tallafa wa Matasan Manazarta

Ƙididdigar GLOBOCAN ta 2022 ta kiyasta cewa mutum 127,763 ne suka kamu da sankara a Nijeriya a wannan shekara, 79,542 kuma suka rasu sanadiyyarta. Irin waɗannan alƙaluma suna dogara ne da rajistar da ake yi a manyan asibitocin birane, don haka masuncin da ya rasu a gidansa ba tare da an taɓa gwada ƙullutun da ke mararsa ba, ba ya cikin lissafi. Daga nan giɓin lafiya tsakanin birni da karkara yake farawa, domin cutar da ba a ƙirga ba, ba a ware mata kuɗi.

Baturiya, wadda ke ƙaramar hukumar Kirikasamma a Jihar Jigawa, tana cikin fadamun Haɗeja da Nguru, kuma an sanya ta a jerin dausayoyin Ramsar a 2008. Su da noman shinkafa da kiwo duk a cikin ruwa ko a gefensa ake yin su. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya koma kwanciya duk shekara a wasu sassa, ciyawar kachalla ta toshe magudanai. Irin wannan ruwa mai sanyin gudu shi ne mazaunin katantanwar da ke rainon tsutsar tsargiya. Tsutsar tana ratsa fatar mai wanka ko su, ta zauna a jijiyoyin jinin mafitsara, ƙwayayenta kuma su maƙale a bangon mafitsarar suna haddasa kumburi shekara da shekaru. Daga wannan daɗaɗɗen kumburi sankara take iya tsirowa. Tun 1994 hukumar IARC ta sanya wannan tsutsa a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan'adam.

Bibiyar wannan alaƙa aiki ne na shekaru, kuma babban likitan da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ba zai iya tarewa a ƙauye ya yi shi ba. Matashin manazarci ɗan yankin, wanda ya fito daga Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, shi ya fi dacewa. Ya san hanyoyin da ambaliya take yankewa da damina, kuma dattawa za su sake jiki da shi. Abin da ya rasa shi ne jagoran da zai ɗora shi a hanya, da ɗakin gwaji, da kuɗin da za su kai shekara uku ko huɗu. Akwai TETFund, akwai kuma cibiyar NICRAT da aka kafa da dokar 2017, amma gasar neman babban tallafi takan fifita wanda ya riga ya tara wallafe-wallafe. A Amurka an lura da irin wannan matsala, shi ya sa Cibiyar Sankara ta Ƙasa ta ɗauki nauyin horar da matasan manazarta daga al'ummomin da asalinsu Latin Amurka ne.

Akwai rabon masana Hausa a cikin aikin. A wurare da dama ana ɗaukar fitsarin jini a wajen yaro a matsayin alamar balaga, ba ciwo ba. Kalmar “daji” kuwa tana ɗauke da ma'anar abin da ya fito daga jeji ko iskoki, wanda ake ganin ƙarfen asibiti yana tunzura shi, don haka majinyaci yakan fara da mai magani. Takardar tambayoyin da aka fassara daga Ingilishi kai tsaye, wadda ta haɗe “daji” da “sankara” da “kansa” wuri guda, za ta tattaro amsoshi marasa inganci. Ya kamata kowane ayarin bincike da zai shiga Baturiya ya haɗa da ɗalibin harshe ko al'ada tun daga matakin tsara tambayoyi, a kuma rubuta kuɗin aikinsa a cikin kasafin tallafin.