Muƙabalar Faya-fayan Kiɗan Fim: Misali Daga Mughal-e-Azam

1. Gabatarwa

Malaman da suka saba da littattafan ajami sun san ba a amincewa da kwafi sai an yi masa muƙabala, watau a ajiye shi kusa da wanda aka kwafo daga gare shi, a bi su layi layi, a ga inda mai rubutu ya tsallake kalma, ko inda ya ƙara tasa. Amma da wuya a ga an yi wa faifan waƙa irin wannan hidima. Galibi a kan ɗauka cewa na'ura ba ta mantuwa, ba ta kuma son rai, saboda haka duk abin da ta fitar shi ne abin da mawaƙi ya rera. Wannan zato kuskure ne, manufar wannan takarda kuwa ita ce ta nuna inda kuskuren ya ke.

Idan mutum ya shiga shagon masu tura waƙoƙi a waya a Barnawa, can ƙetaren Kogin Kaduna ta kudu, ya nemi wata tsohuwar waƙar Indiya, ya yiwu a ba shi ita kala biyu ko uku, suna ɗaya, mawaƙiya ɗaya, amma wata ta fi wata tsawo, wata muryarta ta fi siriri, wata kuma kiɗanta sabo ful. Mai shago ba zai iya gaya masa wadda ta riga wata ba, domin shi ma haka ya same su. To, daga ina wannan bambanci ya fito? Za a amsa wannan tambaya da misalin fim ɗaya, sa'an nan a duba abin da amsar ta ke koya wa mai nazarin waƙoƙin Hausa.

2. Fim ɗin da masu kiɗansa

Tun cikin shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na Arewa, suka kuwa karɓu ƙwarai. Waƙoƙinsu suka fita daga silima suka shiga gari: Abdu Yaron Goge na Jos ya ɗauki karin waɗansu ya ɗora musu kalmomin Hausa, daga baya kuma masu bandiri na Kano, irin su Ushaƙu Indiya, suka mai da karin waɗansu na begen Annabi. Saboda haka kiɗan finafinan nan ba baƙon abu ba ne ga mai nazarin adabin Hausa.

An zaɓi Mughal-e-Azam ne domin tarihin bugunsa a bayyane ya ke. K. Asif ne ya shirya shi, aka fara nuna shi ran 5 ga Agusta, 1960. Labarin Sarki Akbar ne da ɗansa Salim, wanda ya kamu da son wata baiwar fada mai suna Anarkali. Prithviraj Kapoor ya fito a sarkin, Dilip Kumar a ɗan, Madhubala kuwa a baiwar. Naushad ne ya tsara kiɗan, shi ne kuma ya tsara na Mother India (1957), fim ɗin da aka yi shekaru ana maimaita shi a silimun Arewa. Shakeel Badayuni ya rubuta baitocin, waɗanda suka rera su kuwa sun haɗa da Lata Mangeshkar, da Mohammed Rafi, da Shamshad Begum, da Ustad Bade Ghulam Ali Khan. Harshen fim ɗin Urdu ne mai cike da kalmomin Larabci da Farisanci, don haka kunnen Bahaushe ya kan tsinci waɗansu da ya sani, kamar duniya da zamani da hukunci, ko da ya ke lafazinsu ya ɗan sha bamban.

3. Bugu huɗu

Na farko shi ne sautin da ke jikin fim ɗin kansa. A wancan zamani a kan buga sauti a gefen zaren fim kamar wani siririn zane, haske ya ratsa shi, na'ura ta mai da shi amo. Hanya ɗaya tak gare shi, watau murya da ganga da sarewa duk an zuba su wuri guda, daga lasifika ɗaya su ke fitowa. Zaren yana tafiya da saurin hoto 24 a daƙiƙa. A wannan bugu waƙa ba ta tsaya ita kaɗai ba: akwai dogon kiɗan share fage, akwai ƙarar mundayen ƙafa na mai rawa, wani lokaci maganar 'yan wasa ta kan ratsa tsakani.

Na biyu shi ne na faifan garmaho, wanda kamfanin Gramophone na Indiya ya fitar da tambarin HMV, mai hoton kare yana sauraren garmaho. Faifan nan yana juyawa sau 78 a minti, kuma fuska ɗaya ta mai faɗin inci 10 ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan daƙiƙoƙi. Waƙar da ta kai minti biyar ko shida a fim ba ta da wurin zama a nan sai an rage ta, ko a raba ta fuska biyu. Al'adar masana'antar a wancan lokaci ita ce a datse kiɗan share fage, a jefar da baiti, wani lokaci ma a sake kiran mawaƙi ya rera gajeriyar waƙar musamman domin faifai. Da dogon faifai mai juyi 33 da sulusi ya yaɗu, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a Amurka a 1948, sai wuri ya samu, amma sau da yawa gajerun nan ne aka tattara aka sake bugawa. Kamfanin ya sauya suna ya koma Saregama a shekarar 2000.

Na uku shi ne na kaset da bidiyo, shi ne kuwa wanda ya fi shiga gidajen Hausawa. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, faifan bidiyo na VCD kuma ya bayyana a 1993. A nan akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Talabijin na Nijeriya, kamar na Indiya, ya bi tsarin PAL, mai nuna hoto 25 a daƙiƙa. Hanyar da aka saba bi wajen juya fim zuwa bidiyo ita ce a ƙara masa sauri daga 24 zuwa 25. Ƙarin bai wuce kashi 4 cikin 100 da ɗan ɗoriya ba, amma ga abin da ya ke haifarwa: waƙar minti shida ta ragu da daƙiƙa 14, sautin da ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa ya koma wajen 458. Muryar mace ta ƙara siriri, ganga ta ƙara gaggawa. Idan kuma daga wannan bidiyo aka kwashe waƙar zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset, kowane kwafi yana ƙara nasa shuu, kowace rikoda kuma tana da nata saurin, musamman in batir ya yi sanyi.

Na huɗu shi ne na ran 12 ga Nuwamba, 2004, sa'ad da aka sake fitar da fim ɗin bayan an yi masa launi. A asalinsa baƙi da fari ne, ban da 'yan wurare kamar rawar zauren madubai, waɗanda tun farko da launi aka ɗauke su. Masu gyaran ba su tsaya ga hoto ba. Suka tsame muryoyin mawaƙan farko daga tsohon sautin, suka tara sababbin makaɗa suka sake kaɗa kiɗan, aka shimfiɗa shi a hanyoyi shida na tsarin Dolby. Naushad da kansa ya duba aikin, Uttam Singh yana taimaka masa. Aka kuma rage tsawon fim ɗin daga minti 197 zuwa 177. Naushad ya rasu a 2006. Saboda haka wanda ya saurari wannan bugu yana jin muryar da aka ɗauka kafin Agustan 1960 bisa kiɗan da aka kaɗa bayan shekara arba'in da wani abu.

4. Yadda a ke muƙabala

Abubuwa huɗu ne ya kamata mai muƙabala ya auna, kuma ba ya bukatar kayan aiki masu tsada.

Na ɗaya, tsawo. A sa agogo, a rubuta minti da daƙiƙa na kowane kwafi, a ƙidaya baitoci da amshi. Idan bambancin babba ne, minti biyu ko uku, to, an datse wani abu, sai a nemo wurin da aka datse. Idan kuwa baitoci sun cika amma ɗaya kwafin ya gaza ɗayan da kashi ɗaya cikin 25, alama ce ta cewa ya bi ta bidiyon PAL.

Na biyu, kaifin sauti. A kunna farkon kwafi biyu ɗaya bayan ɗaya. In wanda ya fi gajarta shi ne kuma ya fi siriri, to, sauri ne ya sauya, ba mawaƙiya ba. In kuwa kaifinsu ɗaya amma lanƙwasar murya ta bambanta, ko wurin jan numfashi, to, rerawa biyu ce daban.

Na uku, kayan kiɗa da wurin fitowarsu. A sa abin saurare na kunne biyu. Tsohon sauti a tsakiyar kai ya ke tsayawa. Na 2004 kuwa yana bazuwa dama da hagu, ganguna suna da nauyi, gogen Turawa yana da sheƙi, alhali muryar tana nan da ƙuncinta na da. Wannan rashin daidaito tsakanin tsohuwar murya da sabon kiɗa shi ne babbar shaidar bugun.

Na huɗu, baƙaƙe. Wannan ya fi shafar mai ilmin harshe. Ƙarfin baƙaƙe 'yan zuza irin su s da sh yana can sama cikin siraran sautuka, su ne kuwa farkon abin da tsohon faifai da gajiyayyen kaset su ke cinyewa. Masu tsabtace tsohon faifai ma, garin kankare ƙarar allura, su kan kankare har da su. Wasula su kan tsira, baƙaƙe su dushe. Matse waƙa zuwa MP3 yana da nasa rabon: a ma'aunin 128, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin 11 na abin da faifan CD ke ɗauke da shi ba.

5. Wanne ne asali?

Waɗansu za su ce na 2004 ya fi, tun da mai kiɗan ne da kansa ya sa hannu, kuma ya fi daɗin ji. Waɗansu za su ce na jikin fim na 1960, domin shi ne aikin da aka fara miƙa wa jama'a. Wanda ya tashi da kaset kuwa, in aka kunna masa na ainihin saurin, ya yiwu ya ce an rage wa waƙar kuzari, gama abin da kunne ya saba da shi shi ne gaskiya a wurinsa. Kowanne yana da hujja, amma tambayar ce ba a daidaita ta ba. Abin tambaya shi ne: asali ga wace bukata? Mai son sanin yadda Naushad ya tsara makaɗansa a 1960 ba shi da abin yi da bugun 2004. Mai binciken yadda Bahaushe ya ari karin waƙar Indiya kuwa, kwafin da ya iso kunnen mai aron shi ne asalinsa, ko da shi ne mafi lalacewa, domin abin da ya ji shi ya kwaikwaya.

6. Abin da ya shafi nazarin Hausa

Duk abin da aka faɗa a sama ya hau kan waƙoƙin Hausa, har ma ya fi. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya rera Bakandamiya sau da yawa a wurare dabam-dabam, yana ƙari yana ragi. Ɗalibin da ya rubuta cewa wani baiti yana cikin waƙar, wani kuma ya ce babu shi, ya yiwu dukansu sun yi gaskiya, kwafinsu ne ba ɗaya ba. Waƙoƙin Narambaɗa da na Ɗanƙwairo da na Ɗanmaraya Jos sun bi hanya mai tsawo kafin su iso waya: garmaho, ko taskar gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, sa'an nan kaset bisa kaset.

Ga mai nazarin karin sauti akwai sauƙi ɗaya. Ƙarin sauri yana ɗaga dukan sautuka gwargwado ɗaya, don haka karin sama yana nan sama da karin ƙasa, tazararsu ba ta sauya ba. Amma wanda ya ke auna tsawon wasali da na'ura, ko saurin kalangu, ko kaifin muryar mawaƙi domin ya gane ƙuruciyarsa da tsufansa, lalle ne ya san saurin kwafinsa, in ba haka ba ya auna rikoda yana zaton ya auna mawaƙi.

Har wa yau akwai batun gyara. An gano zaren fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, a taskar Hukumar Finafinai ta Nijeriya a 2016, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Irin wannan aiki abin farin ciki ne, ana kuma fatan ya yawaita. Sai dai duk sa'ad da aka gyara tsohon sauti, wajibi ne a ajiye wanda ba a taɓa ba, a kuma rubuta abin da aka yi wa sabon, domin sabo mai daɗin ji ya kan kori tsoho daga kasuwa cikin 'yan shekaru kaɗan.

Saboda haka ana roƙon malaman kwalejojin horon malamai da masu duba kundayen ɗalibai su riƙa neman abu huɗu daga duk wanda ya kawo matanin waƙa: irin faifan da ya saurara, da inda ya samo shi, da tsawonsa minti da daƙiƙa, da shekarar ɗauka in an san ta. Layi biyu sun isa a rubuta wannan a ƙarƙashin sunan waƙa. In an saba da haka, wanda ya zo daga baya zai iya ɗauko nasa kwafin ya ajiye kusa da na wanda ya riga shi, ya yi musu muƙabala yadda malamai su ke yi wa littafi.