Shepherd: Sunan Bature da Ya Samo Asali daga Kiwon Tumaki

 A shirinmu na wannan mako mun amsa tambayar wani mai sauraro da ke safarar raguna tsakanin Maraɗi da Jibiya. Ya ce ya ga Turawa, kaka da uba da jika duk suna ɗaya suke amsawa a ƙarshe, to daga ina suka samo wannan ɗabi'a? Mun zaɓi suna guda don mu yi bayani da shi, sunan da ya shafe ka kai tsaye idan kana bin bayan dabba: Shepherd. Ga abin da aka faɗa a shirin, don wanda bai samu saurare ba.

Mutanen Ingila suna furta sunan kamar "Shepad". Kalmomi biyu ne na tsohon Ingilishi aka haɗa, ta farko tana nufin tunkiya, ta biyu tana nufin mai tsaro ko mai kiwo. Ma'anarsa ke nan, makiyayin tumaki. Duk Baturen da ka ji yana amsa wannan suna, ko likita ne ko matuƙin jirgin sama, akwai alamar cewa wani kakansa na can nesa ya kwana a daji da sanda, yana gadin garke.

Da can mutanen Ingila suna ɗaya suke da shi, kamar yadda za ka ce Audu ko Jatau. Sunan gado ya fara shiga ƙasar ne bayan shekarar 1066, lokacin da Wiliyam na Normandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Manyan masu ƙasa suka fara, talakawa suka biyo baya sannu a hankali. Dalili kuwa shi ne sunayen yanka sun yi kaɗan. A ƙauye ɗaya sai ka tarar da John biyar, to ta yaya mai karɓar haraji zai bambanta su? Sai ya rubuta John maƙeri, John maɗinki, John makiyayi. Ka san wannan a gida, yadda muke cewa Sani Mahauci ko Audu Dogo. Bambancin shi ne su laƙabin ya liƙe, ɗa ya gaje shi ko da ya bar sana'ar. Zuwa wajen shekarar 1400 yawancin iyalan Ingila sun riga sun sami sunan gado. Littattafan harajin kai na 1377 da 1379 da 1381 cike suke da irin waɗannan sunaye. Harajin nan ya yi wa talakawa nauyi har suka yi bore a 1381. Duk wanda ya ji labarin jangali daga bakin kakanni ya san yadda lissafin hukuma ke bin mutum har ruga.

To, me ya sa makiyayin tumaki ya zama mutumin da ake sani a gari? Saboda a wancan zamani gashin tumaki, wato ulu, shi ne babban abin da Ingila ke sayarwa a waje. Ana lodin buhunansa a jirgin ruwa zuwa garuruwan masaƙa na Filandas, yankin da yawancinsa yake cikin Beljiyam a yau, da kuma Italiya, sarki yana karɓar kuɗin fito a kan kowane buhu. Gidajen ibada na Kirista a yankin Yokshaya suna da tumaki dubbai, kuma sai da makiyayan haya. Bayan annobar 1348, wadda ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar, ma'aikatan gona suka yi ƙaranci, aka mayar da gonaki da yawa makiyaya, tun da mutum ɗaya da karensa sun isa kula da garke babba. Har yau shugaban majalisar dattawan Birtaniya a kan wani ƙaton matashi da aka cusa wa ulu yake zama, don tunawa da abin da ya arzuta ƙasar.

Sana'ar dabba da ta ulu sun bar sunaye da yawa. Coward asalinsa makiyayin shanu ne, ko da yake a Ingilishin yau akwai wata kalma mai irin rubutunsa da ke nufin matsoraci, kuma ba tushensu ɗaya ba. Calvert mai kiwon maruƙa ne. Weaver da Webb masaƙa ne, Dyer marini. Ku kuma 'yan kasuwa ba a bar ku a baya ba, don Chapman ma'anarsa ɗan kasuwa, mai saye da sayarwa.

Wajen yawa, Shepherd sananne ne amma bai kama ƙafar Smith ba, wato maƙeri, wanda ya fi kowane suna yawa a Ingila da Amurka. Abu ɗaya da ke rage masa lissafi shi ne rubutu. Akwai Shepherd, akwai Shephard, Sheppard, Shepard da Shepperd, duk suna ɗaya ne. Tun 1538 aka umarci majami'un Ingila su riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, alhali yawancin mutane ba su iya karatu ba, sai limamin coci ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Shepherd ya fi yawa a arewacin Ingila da Sikotlan, Sheppard kuma ya fi yawa a kudu. Daga baya ƙaura ta kai sunan Amurka da Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan.

Cikin waɗanda suka yi suna da shi akwai Alan Shepard, Ba'amurke na farko da ya je sararin samaniya a 1961, ya kuma taka wata a 1971. Akwai Kate Sheppard, haifaffiyar Libaful, wadda ta jagoranci fafutukar da ta sa matan Niyu Zilan suka sami 'yancin zaɓe a 1893, hotonta yana kan takardar dala goma ta ƙasar. A Faransa ma akwai irinsa: Berger makiyayi ne, haka Pasteur. Louis Pasteur kuwa ɗan majemi ne, bai yi kiwo ba, amma shi ne a 1881 ya gwada rigakafin ciwon saifa a kan tumaki da shanu a gaban jama'a, waɗanda aka yi wa allura suka rayu. Ka ga ikon Allah, suna ya koma gida.

Yanzu ga inda maganar ta shafi aljihunka. Takardun da muke cikewa a banki, wajen fasfo da rajistar layin waya, duk a kan tsarin Turawa aka gina su. A ɓangaren Najeriya za ka ga gurbin "surname", a ɓangaren Nijar "nom", duka sunan dangi suke nema. Sunanka na yanka gurbinsa "first name" ko "prénom". Mu kuwa al'adarmu sunan mutum ne da na mahaifinsa, wani lokaci da na garinsa, kamar Aminu Kano ko Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shi ya sa mutum ɗaya yake sa sunan uba a wannan takarda, sunan kaka a waccan, sunan gari a ta uku. Ga kuma bambancin rubutu: Usman a nan, Ousmane a can, Yusuf a nan, Issoufou a can. 'Yan uwanmu Fulani sun san wannan, Jallo ɗaya ne ake rubuta shi Diallo a Gine, Jalloh a Saliyo, Jallow a Gambiya. Abin da ya sami Shepherd ke nan shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Sai dai limamin coci yana iya gane mutum da fuska, kwamfuta kuwa harafi kawai take gani. Harafi ɗaya ya saɓa, kuɗin ragunanka da aka turo sai su maƙale, ko ka wuni a shinge kana bayani.

Don haka shawararmu ita ce ka fito da takardunka duka ka jera su, ka sa mai karatu ya duba maka harafi bayan harafi. Ka zaɓi sunan dangi ɗaya da rubutu ɗaya, wanda ke kan takardar haihuwa ko katin shaidarka, ka tsaya a kansa. In za a cike maka takarda, miƙa katin a kwafa, kada ka faɗa da baki. In an haifa maka, a yi wa jariri takardar haihuwa da wannan rubutun, don kada ya gaji wahalar. Inda ka ga kuskure kuwa, ka je ofishin da ya ba da takardar a gyara tun kafin ranar tafiya.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kare garke, ya kawo kasuwa. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.