Shin Ko Kun San? Murtsunguwar da Ba Ta Fi Maɓallin Riga Ba

Shin ko kun san murtsunguwa mafi ƙanƙanta a duniya faɗinta kamar milimita 12 ne kacal? Sunanta Blossfeldia liliputana. Ku ɗora ta a kan farcen babban yatsa, wuri zai rage!

Gidanta tsagar duwatsu ne a Ajantina da Bolibiya. Tana lafewa a can kamar tsakuwa mai ruwan toka. Ƙaya? Ko guda ba ta da ita. In fari ya tsananta sai ta motse, ta yamushe, ta rasa kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan jikinta. Ka rantse ta mutu. Ruwa na sauka, sai ta sake kumbura abinta. Ikon Allah!

To, a kawo ta nan Abu Na'ama a Sudan, bakin Shuɗin Nilu, me zai faru? Baƙar lakarmu da ke darewa da rani har ƙafa ta zurma, wadda dawa da riɗi ke ƙauna, ita ce za ta zama ajalinta. Laka na riƙe ruwan damina, saiwa ta ruɓe. Ƙishi bai kashe ta ba, ƙoshi ya kashe ta!

Kun san da dare dangin murtsunguwa ke shaƙar iska? Da rana ƙofofin fatarsu a toshe suke, kada ruwa ya tsere.

Ga wadda ta fi ba ni mamaki: duk dangin nan baƙi ne a wurinmu. Asalinsu nahiyar Amurka, in ban da nau'i ɗaya tak, Rhipsalis baccifera, da aka tarar har a Afirka. Har "tin shoki" na Larabawa, wanda Habasha da Eritiriya ke kira "beles", daga Meziko ya fito. Yana ma jikin tutar Meziko!

Ƙerana da tinya fa, da kakanninmu suka sani a ƙasar Hausa? Kama da murtsunguwa ce kawai. Ku karce su, farin nono zai tsatso. A kiyaye ido, yana ƙuna!

Karan masallaci ma ba murtsunguwa ba ne, ɗan'uwan tumfafiya ne, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira "ushar". A littattafan masana sunansa Caralluma dalzielii, don tunawa da Dalziel, likitan da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916.