Randar Ce Ƙarama: Ci da Sha Bayan Tiyatar Rage Tumbi

Duk wanda ya taɓa kai baƙo rijiyar Kusugu da ke Daura ya san yadda ake yi. A zura guga, a jawo, a cika moɗa a miƙa wa baƙo, shi kuma ya kafa kai ya shanye ko ba ya jin ƙishi, don dai ya koma gida ya ce ya sha ruwan rijiyar da Bayajidda ya kashe maciji a cikinta. A Sallar Ganin da ta wuce na raka wata yayata, ’yar wan mahaifina, mai fataucin atamfa tsakanin Kano da Daura. Da aka miƙa mata moɗar sai ta yi kurɓi ɗaya, ta dakata, ta ƙara na biyu, ta miƙo mini. Yaron da ya jawo gugan ya ce, "Hajiya, ko ruwan ne bai yi miki ba?" Ta yi dariya ta ce, "Ruwa lafiya lau, ɗana. Randar ce ƙarama."

Gaskiya ta faɗa masa. Shekara biyu da rabi ke nan da aka yi mata tiyatar rage tumbi a Alƙahira, bayan ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa sun taru sun hana ta sakat. Yanzu ’yan ƙasar nan da dama suna zuwa Masar da Turkiyya da Indiya don wannan aiki, wasu kuma a Legas ake yi musu. Suna dawowa da takardar tsarin abinci wadda ba ta san tuwo ba, ba ta taɓa jin sunan fura ba, kuma ba ruwanta da zafin watan Afrilu a Daura.

Tumbin babban mutum yana ɗaukar lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A wannan tiyata likita yana huda ciki wuri huɗu ko biyar, ya zura kyamara da kayan aiki, ya yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin ya fitar, ya manne sauran da ƙananan ƙarafa. Abin da ya rage siriri ne mai siffar ayaba, ko hannun riga, kuma daga hannun rigar ne Turawa suka raɗa wa aikin suna. A farko ba ya ɗaukar fiye da mililita 100 zuwa 150, wato ko kofin shayi bai cika ba. Ɓangaren da ake cirewa shi ne ya fi samar da girelin, sinadarin da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa ana jin yunwa, wanda masu bincike a Japan suka gano a 1999. Shi ya sa a watannin farko mutum zai wuni bai tuna da abinci ba. Abin da aka yanke kuwa ya tafi ke nan, ba ya tsirowa.

Asalin wannan aiki matakin farko ne na wata babbar tiyata. A wajajen shekarar 2000 wani likita mai suna Michel Gagner da abokan aikinsa a birnin Niyok suka riƙa yi wa masu matsananciyar ƙiba wannan rabin aikin, da nufin a ƙarasa daga baya, sai aka lura da yawansu sun rame ba tare da an kai ga mataki na biyu ba. Yau ita ce tiyatar rage ƙiba da aka fi yi a duniya. Ba kowane mai teɓa ake yi wa ba. Don a gane wanda ya cancanta, ana raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau kansa; mai tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 105 zai sami 41. Ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka fitar a 2022 ta fara ne daga 35, ko daga 30 idan akwai ciwo irin na suga. Abin mamaki dai, a garuruwan da wasu ke sayar da fili don a rage musu tumbi, a nan ne ’yan mata ke sayen sha-ka-fashe a kemis don a ce sun murje.

Makonni shida zuwa takwas na farko suna da tsari sananne: ruwa-ruwa, sannan abin da aka niƙa, sannan mai laushi. Kowa yana kiyayewa, domin tsoro bai sake shi ba tukuna. Daga baya ne wuyar aikin take, lokacin da aka daina zuwa sannu da jiki.

Ruwa ne na farko. Labarin Kusugu ya ce a zamanin Daurama mutanen gari ba sa samun ɗiba sai ranar Juma'a, don haka kowa ya cika tulunansa ya yi tanadin mako. Wanda aka rage wa tumbi ba shi da tulun tanadi. Jikinsa yana buƙatar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, kwatankwacin ledar fiyawata uku zuwa huɗu, amma ba zai iya shanye ko rabin leda a tashi ɗaya ba. In ya gwada, ƙirji ya ɗaure, wani lokaci ya dawo da shi. Dole sai kurɓi-kurɓi, daga asuba har kwanciya. A bazara, lokacin da zafin Daura ke haura digiri 40, wanda ya jira sai ya ji ƙishi ya riga ya makara, don ba shi da hanyar rama abin da ya zube a gumi. Yayata ba ta rabuwa da gora, a shago ko a mota. Ma'auninta kuma mai sauƙi ne: in fitsari ya yi duhu, ruwa ya yi kaɗan. Ƙarancin ruwa yana kawo jiri da taurin bayan gida, kuma yana buɗe ƙofar tsakuwar ƙoda.

Sai dokar da ta fi ci wa Bahaushe tuwo a ƙwarya: ba a haɗa ci da sha. A gidajenmu ba a ajiye akushi sai da kwanon sha a gefensa, loma biyu a kora da ruwa. Akwai hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito wanda ya kasa ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. To shi mai wannan tiyata kason nasa bai isa a zauna tare ba, sai dai a yi karɓa-karɓa. Ana dakatar da shan ruwa kamar minti 15 zuwa 30 kafin a ci, sannan a jira rabin awa bayan an gama. Ruwa a kan abinci ko dai ya cika wurin ya jawo amai, ko ya wanke abincin ya tura shi hanji da wuri, yunwa ta dawo tun ba a ɗauke kwano ba.

Tuwo kansa akwai magana. Mu ba ma tauna tuwo. A murza loma, a dangwali miyar kuka ko ta kuɓewa, ta zame ta wuce. Da yawa haka suke yi wa ɗanwake. Loma guda irin ta magidanci ta isa ta toshe sabon tumbin, mutum ya zauna yana miyau yana dafe ƙirji. Haka shinkafa da burodi da taliya suke cunkushewa su zauna daram. Sai an koyi yin loma kamar ta yaye, a tauna ta sau ashirin ko fiye, a ajiye cokali tsakanin loma da loma, a ɗauki minti 20 zuwa 30 a kan abin da bai fi tafin hannu ba. Na zauna cin abinci da ita ranar wani suna: ni na gama malmala biyu, ita tana kan tsokar kifi ɗaya da cokali uku na miyar zogale. Wata gwaggonmu ta leƙo ta ce, "Ke kuwa wannan ci ne ko wasa da abinci? Ko wani abu aka yi miki?" Ba ta tanka ba, ta saba.

An tashe mu a kan cewa nama a ƙarshe ake cinsa, yaron da ya fara da nama kuwa makwaɗaici ne. Ga mai ƙaramin tumbi tsarin ya juye. Yana buƙatar aƙalla giram 60 na furotin a yini, sinadarin da ke gina tsoka, in ba haka ba jiki zai riƙa cin naman kansa, ƙarfi ya tafi, zubar gashin da aka saba gani tsakanin wata na uku da na shida ta tsananta. Tunda wurin kaɗan ne, abin gina jiki ne ke fara shiga, sai ganye, in da sauran wuri tuwo ya biyo baya. Kuma ba sai an sayi garin gwangwani mai tsada daga waje ba. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6. Kofin kindirmo yana da kusan 8. Tsokar kaza ko ta kifi mai girman tafin hannu tana ba da fiye da 20. A haɗa da awara da alale da farfesun da ya dahu lugub, an kai sittin. Kilishi da tsiren da ya bushe suna wahalar da mutane da yawa, balangu mai laushi ya fi su sauƙin wucewa.

Inda na fi jin tsoro shi ne fura. Duk abin da ke da ruwa-ruwa ba ya tsayawa a siririn tumbi, zarcewa yake yi. Wanda tsokar nama biyu ke ƙosar da shi zai iya shan fura mai sukari ludayi bayan ludayi tun hantsi har la'asar bai ji komai ba. Haka kunun gyaɗa, haka zoɓon da aka zuba wa sukari, haka shayi mai kauri na teburin mai shayi. Kwalbar lemo ta santilita 50 tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 13, ga iskar gas da ke kumbura ciki ta taso da ƙwannafi. Wasu ma in sukari ya faɗa hanjinsu da sauri sai gumi da bugun zuciya da jiri su taso musu. Ramar tana kaiwa ƙarshenta ne tsakanin wata 12 zuwa 18. Daga nan tumbin ya ɗan saki, yunwa ta fara dawowa, kuma ta wannan ƙofa ta abin sha da ciye-ciyen cincin da biskit ne ƙiba ke lallaɓowa. Ban ce a bar fura ba, wa zai gaya wa mutumin Daura haka? A dama ta da nono mai yawa, fura kaɗan, babu sukari, ƙaramin kofi ɗaya, a lissafa ta a matsayin abinci.

Wani bincike da aka yi a ƙasar Finlan kan mutum 240, wanda sakamakonsa na shekara goma ya fito a 2022, ya nuna waɗanda aka yi wa wannan tiyata sun riƙe ramar kusan kashi 43 cikin ɗari na nauyin da ya yi musu yawa. Riba ce babba, amma ba duka ba ce. Binciken ya kuma sami kumburin maƙoshi a kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka yi wa tiyatar, saboda ruwan tsamin ciki da ke tasowa. Don haka tuwon dare a kwanta nan take ya ƙare. A bar awa biyu zuwa uku tsakani, a ɗaga matashi, a rage yaji. Ƙwannafin da ya ƙi tafiya na likita ne, jiƙon kanwa ba zai yi ba. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye a kemis kamar gyaɗa, suna iya gyambace tumbin. A tambayi likita kafin a sha.

Kuskuren da yayata ta yi a kan bitamin ne. Kwalaben da ta taho da su suka ƙare a wata na takwas, ta ga ta warke, ta bari. Bayan wasu watanni sai kasala, sai haki in ta hau bene, sai tafin ƙafa yana mata kamar ana tsira allura. Wani mai kemis ya yi mata allurar taifot har zagaye biyu, a gida kuma aka fara zancen jifa. Da aka auna jini sai ga shi ya yi ƙasa, bitamin B12 ma haka. Tumbi ne ke samar da sinadarin da ke taimaka wa jiki tsotse B12, kuma tsamin cikinsa ne ke narkar da sinadarin ƙarfe. An rage tumbi, an rage su. Saboda haka ƙwayoyin bitamin da na ƙarfe da kalsiyam da bitamin D na har abada ne, gwargwadon yadda likita ya tsara. Ba a haɗa ƙwayar ƙarfe da shayi ko da kalsiyam, a raba su da awa biyu. Wanda kuma amai ya ƙi tsaya masa ya tafi asibiti da gaggawa, domin ajiyar bitamin B1 a jiki ba ta wuce ’yan makonni, ƙarewarta kuma tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Awon jini bayan wata uku, da shida, da shekara, sannan duk shekara. Likitan da ya yi aikin yana can ƙetare, amma manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da na Malam Aminu Kano suna da likitoci da masana abinci da za a iya kai musu takardun. Mace kuma ana so ta jinkirta ɗaukar ciki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Azumi fa? Likitoci sukan ce a dakata wata shida zuwa shekara bayan tiyata, shari'a kuma ta ba mara lafiya rangwamen ramawa. Bayan nan da yawa suna yi lafiya, in sun tsara daren. Ita dabino ɗaya da kurɓin ruwa take buɗa baki da su, ta yi Magariba, ta ci ƙwai ko kifi, ta jira rabin awa, sannan ta kama gora har sahur. Ƙosai da kunu da kankana da ruwan sanyi a zama ɗaya, irin buɗa-bakinmu, ta yi ban kwana da shi.

Roƙona ga iyayenmu da matan gida ne. In baƙo ya yi loma uku ya tsame hannu ya ce an yi masa aiki, kada a ce ya raina girki, kada a yi ta "ƙara mana, don Allah". A ɗauke kwanon, a bar shi ya huta rabin awa, sannan a kawo masa ruwa a ƙaramin kofi.