Jif ɗin Maigida da Kuɗin Cefanenki

Uwargida, in maigida ya fara zancen sayen jif, kada ki ce ba huruminki ba ne. Duk mai bin hanyoyin ƙauyukan Kangire da Gwaram da damina ya san ranar Land Cruiser da Prado: inda ƙaramar mota ta kafe, su wucewa suke yi. Sai dai cikinsu babba ne, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, duk litar da aka ɓarnatar a tukunyarki za a ji ta.

Sau da yawa sakaci ke ƙara wa jif ci. Ƙurar hunturu kan toshe filtar iska, ƙarfin inji ya ragu, direba ya yi ta taka totur. Taya mai ƙarancin iska ma mai take ci. Giyar ƙarfi kuwa ta yashi da taɓo ce, a cire ta kafin a hau kwaltar Kano.

Ki riƙa tuna masa juyen baƙin mai kamar yadda kike tuna masa kuɗin makarantar yara. In kuma ya ratsa ruwa mai zurfi, bakanike ya duba man giya. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, a sake shi ranar.