Kafin ka ba ɗan aiken kwamfuta makullinka, karanta abin da yake karantawa

A watan Afrilun 2025, masu bincike na Invariant Labs, wani kamfanin tsaron manhaja da ke Zurich, sun ƙera ɗan ƙaramin kayan aiki wanda bai iya komai ba sai tara lamba biyu. Suka jona shi da Cursor, manhajar da masu rubuta shirye-shiryen kwamfuta ke aiki da ita. Aka nemi lissafi, akwatin neman izini ya fito a taƙaice, aka danna, amsa ta zo daidai. A bayan fage kuwa, ɗan aiken ƙirƙirarriyar basira da ke cikin Cursor ya riga ya buɗe fayil ɗin makullin sirrin da mai kwamfutar ke shiga manyan na'urori da shi daga nesa, ya cusa shi cikin saƙo, ya miƙa waje.

Ba a fasa ƙofar kowa ba. A cikin bayanin kayan aikin ne aka rubuta, da Turanci tsantsa, cewa kafin a yi lissafi sai an karanto fayil kaza an haɗo da shi, kuma kada a faɗa wa mai kwamfutar don kada hankalinsa ya tashi. Ɗan aike ya karanta, ya bi.

Duk mai shirin jona irin waɗannan 'yan aike na ƙirƙirarriyar basira da imel ɗinsa, ko asusun kuɗin shagonsa, ko rumbun bayanan ofis, ya tsaya nan tukuna. Ɗan aiken ba ya ganin cikin kayan aikin da aka ba shi. Abu uku ake nuna masa: suna, ɗan bayani, da jerin guraben da zai cike. Da su yake yanke shawarar wanne zai ɗauka, yaushe, da abin da zai zuba a ciki. Tun da Anthropic ya fitar da MCP, tsarin jona 'yan aike da kayan aiki, a Nuwamban 2024, OpenAI kuma ya karɓe shi a Maris 2025, jona kayan aiki ya zama abin minti biyar, kuma dubbai ne zube a intanet kowa na kwasa. Yawancinmu sunan kawai muke dubawa mu danna. Cinikin biri a sama ke nan.

Ni mugu ma ba ya tayar mini da hankali kamar malalaci, don malalata sun fi yawa. Ɗauki kayan aikin biyan kuɗi. Paystack da kobo yake karɓar adadi, Stripe kuma da sent idan dala ce, kuma dukansu sun faɗi haka ƙarara a takardunsu. To yaro mai rubuta manhaja ya naɗe wannan ya miƙa wa ɗan aike, a gurbin kuɗi ya rubuta kalma ɗaya tak, "adadi". Mai shago ya ce a caji Hajiya naira 5,000 kuɗin atamfa. Ɗan aike ya rubuta 5000, aka caji naira 50. Idan kuma yaron ya riga ya ninka da ɗari a cikin manhajarsa bai faɗa ba, ɗan aiken ya yi wayo ya sake ninkawa, Hajiya ta ga takardar naira 500,000. Babu ƙararrawar da za ta buga, domin a wurin na'ura komai ya tafi daidai. Haka kwanan wata: 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a wurinmu 3 ga Afrilu. Haka kayan aiki biyu masu kusan suna ɗaya, ɗaya yana ɓoye fayil, ɗaya yana shafe shi har abada, bayaninsu kuma duka "cire fayil".

Kuma karatu sau ɗaya bai isa ba. Masu binciken nan sun sake nuna wani kayan aiki mai kawo labarin ban sha'awa kullum, wanda bayaninsa ke da tsabta ranar da aka amince da shi, daga baya ya sauya. Sabon rubutun ya karkatar da ɗan aiken har ya kwashe tarihin hirar WhatsApp ya tura wa wata lamba, alhali kayan aikin WhatsApp ɗin kansa lafiyarsa lau. Maƙwabcinsa ne ya ɓata shi, tunda duk bayanan a gaban ɗan aiken suke haɗuwa wuri ɗaya.

Gaskiya ne MCP ya tanadi alamomin da kayan aiki zai ce "ni karatu kawai nake" ko "ina iya shafewa". Sai dai mai kayan ne ke liƙa wa kansa alamar, kuma ƙa'idar tsarin da kanta ta ce kada a dogara da ita sai an yarda da inda ta fito.

Saboda haka yau, kafin ka tashi daga aiki, buɗe cikakken bayanin kowane kayan aiki da ka jona, ba taƙaitaccen da allo ke nunawa ba. Duk wanda ya ambaci fayil ɗin da bai shafi aikinsa ba, ko ya ba da umarni game da wani kayan aikin, ko ya ce a ɓoye maka wani abu, tsige shi nan take, sannan ka canza makullan da ke kan kwamfutar. Akwai manhajoji irin su mcp-scan da ke taya wannan bincike, amma ba su ɗauke maka karatu ba. Naka da ka rubuta kuwa, ba wa abokin aiki da bai taɓa ganin cikinsa ba, ka tambaye shi: naira ko kobo? Idan an shafe, ana iya dawowa? Inda ya yi jim, nan ɗan aike zai yi cinta. Daga nan ka gwada shi da buƙatu ashirin ko talatin irin na ainihi, a kan asusun gwaji, ka duba abin da ya zuba a kowane gurbi, ba amsar ƙarshe kaɗai ba. Ka ajiye kwafin bayanin da ka amince da shi, ranar da harafi ɗaya ya sauya a dakatar da kayan aikin har sai mutum ya sake karantawa.